Wiski mai launin zoɓo: yadda ake ɗanɗana wanda ya tsumu a gangar giyar inabi

Ranar da na fara ganin wiski mai launin hoda, na ɗauka kuskure aka yi. A wani sito ne a yankin Speyside, arewa maso gabashin Sikotland, irin tsofaffin nan masu daɓen ƙasa da gajeren rufi, gangunan katako a jere hawa uku. Sanyi har cikin ƙashi. Dattijon da ke zagayawa da mu ya bubbuga gefen toshiyar wata ganga da gudumar katako har ta yi tsalle, ya zura dogon bututun jan ƙarfe, ya toshe samansa da babban yatsa, ya ɗago ya tsiyaya a kofi. Abin da ya zubo kamar an sirka zoɓo da ruwa. Na ce masa ko giyar da ke ciki ce ba ta gama fita ba. Ya yi dariya, ya ce an juye ta tun shekara biyu baya, wannan da nake gani abin da katako ya shanye ne yake amayarwa.

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan kuwa ɗan yayata ne, wanda ke aiki a mashayar wani otal a Abuja. Ya kira ni ya ce, "Kawu, an kawo mana wata kwalbar wiski an rubuta Amarone a jikinta. Wani baƙo ya tambaye ni bambancinta da sauran, na tsaya ina sosa ƙeya." Amarone jan giyar inabi ce ta Italiya, wiskin kwalbar a gangarta ya tsumu. Na san yawancin masu karanta Hausa ba sa kusantar giya, kuma ba gayyatar kowa nake yi ba. Na rubuta ne don irinsa da aiki ya haɗa su da kwalaben nan, da kuma wanda dama yana sha yana so ya san abin da ke kofinsa. Mafi yawan aikin ma na hanci ne. Masu haɗa wiski a manyan kamfanoni suna shinshina kofuna da yawa a yini ba tare da sun haɗiye ba.

Abin da ganga ke yi

Dokar Sikotland ta 2009 ta fayyace abin da za a kira single malt: a yi shi da tsiron sha'ir zalla, a matata guda, a tukwanen jan ƙarfe, ya tsumu aƙalla shekara 3 a Sikotland cikin gangar itacen oak da ba ta wuce lita 700 ba, kuma kada ƙarfin barasarsa ya gaza kashi 40 cikin 100 a kwalba. Tsirar da sha'ir ɗin daidai yake da yadda masu burukutu ke jiƙa dawa ta tsiro kafin a niƙa. Ruwan da ke fitowa daga tukunya fari ne tas kamar na famfo. Launi duka, da kaso mai tsoka na ƙamshi, daga ganga suke zuwa, in ka ɗebe 'yar ƙonanniyar sukari da doka ta yarda a ɗiga don daidaita launi.

Mafi yawan gangunan daga Amurka ake kawo su, domin dokar can ta tilasta wa masu bourbon, wato wiskin Amurka, amfani da sabuwar ganga kowane zubi, sai su sayar da tsofaffin. Waɗannan suna ɗaukar kimanin lita 200, an babbake cikinsu har ya yi gawayi, kuma suna ba da ƙamshin banila da kwakwa da alawar madara. Sai gangunan sherry, wata giyar inabi ta Sifaniya, masu lita 500, masu ba da zabibi da dabino da gardin gyaɗa. Waɗannan biyu su ne 'yan gida. Duk abin da ya fita daga nan, wato gangar wata giyar inabi daban, Sauternes ko Amarone ko Barolo ko Tokaji ko Madeira ko Marsala, shi ne baƙon da muke magana a kai.

Al'adar juye wiski daga ganga ɗaya zuwa wata don ya ƙarasa ba ta daɗe ba. David Stewart na matatar Balvenie ya fara ta a farkon shekarun 1980, matatar Glenmorangie ta fito da jerin waɗanda suka ƙarasa a gangunan port (giyar inabi mai zaƙi ta Fotugal) da sherry da Madeira a shekarun 1990, sannan da wani dillalin giyar inabi, Mark Reynier, ya sake buɗe Bruichladdich a tsibirin Islay a 2001 tare da Jim McEwan, sai suka riƙa zuba wiski a gangunan manyan gidajen giyar inabi na Bordeaux a Faransa. Daga nan kowa ya shiga. A 2019 ma an faɗaɗa ƙa'idar har ta karɓi gangunan tequila, barasar Meziko, da makamantansu.

Ga inda gizo ke saƙar. Gangar giyar inabi ta bambanta da ta bourbon ta fuska uku, kuma duk abin da za ka ji a kofi daga ukun nan yake. Na farko, yawanci itacen oak na Faransa ne, wanda ya fi na Amurka bauri da yajin ƙanumfari. Na biyu, gasa cikinta kawai ake yi, ba a babbake ta ta yi gawayi, alhali gawayin nan shi ke tsotse wasu wari-wari na ɗanyen wiski. Na uku, giyar tebur ƙarfinta kashi 12 zuwa 15 ne kawai, don haka da zarar an juye ta, abin da ya rage a katako yana iya tsami ya koma ruwan kal kafin gangar ta iso Sikotland. Don hana haka masu gonar inabi kan ƙona farar wuta a cikin gangar. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mataki na farko: karanta kwalbar da idon mai ciniki

Kalmomi kaɗan ne ke da nauyi. In ka ga finish ko finished, wiskin ya yi yawancin shekarunsa a wata ganga, galibi ta bourbon, sannan aka juye shi a ta giyar inabi na wani lokaci. Lokacin na iya zama wata uku, yana iya zama shekara uku, doka ba ta ƙayyade ba, kuma ba kowane kamfani ke faɗa ba. In ka ga fully matured, tun ranar farko a gangar giyar ya kwana. Na biyun ba lalle ya fi na farkon ba. Na sha gamuwa da wanda ya shekara goma a gangar jan giya ya fito kamar an tafasa ɓawon goro.

Shekarun da aka rubuta na mafi ƙuruciyar wiskin da ke cikin kwalbar ne. Natural colour na nufin ba a ɗiga launi ba, kuma a irin wannan wiski abin yana da amfani, tunda launi na cikin shaidun da za ka duba. Non chill-filtered na nufin ba a sanyaya shi an tace maiƙonsa ba, irinsu kan zo a kashi 46 ko sama. Cask strength kuwa yadda ya fito daga ganga ne ba sirki, yana iya haura kashi 55.

Akwai kuma haruffa uku, STR. Dabara ce ta marigayi Dokta Jim Swan, wanda ya rasu a 2017: a ɗauki gangar jan giya a kankare cikinta, a gasa, a sake babbakewa. Kankarewar na kwashe mafi yawan tsami da baurin giyar, babbakewar na mayar da gawayin da babu. Da irin wannan ganga matatar Kavalan ta Taiwan ta yi wiskinta Vinho Barrique, wanda ya ci kambun single malt na duniya a gasar World Whiskies Awards ta 2015. Kada ka sa ran jin giyar inabi ƙarara a STR, ya fi karkata ga 'ya'yan itace masu zaƙi da ƙonannen sukari.

Sunan gidan giya mai tsada a jikin kwalba bai tabbatar da komai ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mataki na biyu: nemo ɗan'uwansa

In da abu ɗaya za ka ɗauka daga duk rubutun nan, to wannan ne. Kada ka ɗanɗana wiskin gangar giyar inabi shi kaɗai. Ka ajiye kusa da shi wiskin matatar nan dai wanda gangar bourbon kawai ya sani. In ba haka ba, ba yadda za ka raba abin da matata ta yi da abin da ganga ta ƙara, kamar ka ce za ka yaba rini ba ka taɓa ganin farin ƙyallen ba.

Wasu matatun sun sauƙaƙa aikin. Tullibardine da ke Blackford tana da Sovereign na gangar bourbon, sannan 225 na Sauternes, 228 na Burgundy, jan giyar Faransa, da 500 na sherry. Lambobin nan ba shekaru ba ne, yawan litar kowace ganga ce: ta Bordeaux 225, ta Burgundy 228. Arran, wadda aka buɗe a Lochranza a 1995, tana da ɗan shekara 10, ga kuma na Amarone da na Sauternes da na port, dukkansu ukun a kashi 50. Glenmorangie ta garin Tain, mai tukwanen da wuyansu ya haura mita 5, tana da Original, sai Quinta Ruban na port, a da kuma tana da Nectar d'Or na Sauternes. Ga mai son hayaƙi akwai Longrow na Campbeltown, a da kuma akwai Longrow Red, wanda aka riƙa sauya masa irin jan giya daga fitowa zuwa fitowa. Edradour kusa da Pitlochry ita kam ba irin gangar da ba ta gwada ba, har Barolo da Chardonnay.

Kofi huɗu sun isa zama ɗaya. Bayan na biyar hanci ya gaji, harshe ya mutu, sai surutu. Jerin kuwa daga mai sauƙi zuwa mai nauyi: na bourbon tukuna, sai na farar giya marar zaƙi, sai na farar giya mai zaƙi, sai na ja, sai na port ko Madeira. Mai hayaƙi kullum shi ne na ƙarshe, domin in ya shiga baki ba ya fita da wuri.

Mataki na uku: kofi, ruwa, ɗaki

Faffaɗan tambulan da ƙanƙara na hira ne. Don ɗanɗano kana buƙatar kofi mai tumbi da tsukakken baki, irin Glencairn da aka fito da shi a 2001, ko ƙaramin kofin sherry mai ƙafa. Duk kofunan su zama iri ɗaya, a ɗauraye su sosai, domin ragowar sabulu na iya sa ka zargi ganga da laifin da ba nata ba. Ka shinshina kowane kofi tun yana wayam.

Ruwan sirki ya zama na kwalba marar gas, ba mai sanyi ba. Ɗakin kuma ya kasance ba turare. Wannan na faɗa wa ɗan yayata sau biyu, don na san shi da feshe jiki. Turaren wuta, humra, hayaƙin girki, sigari, duk suna kashe aikin. Kada ka ci yaji ko goro ko ka sha kofi aƙalla awa guda kafin zama, goro musamman, tunda baurinsa ne za ka je nema a cikin wiskin. Amma ka ci abinci, kada ka zauna da yunwa.

Zafi ma abin lura ne. A Sikotland ɗaki bai cika wuce digiri 20 ba. A inda ake digiri 35, tururin barasa ne zai fara dukan hancinka ya danne komai. Ka nemi ɗaki mai sanyi, ko ka tsoma gindin kwalbar a ruwan sanyi na ɗan lokaci.

Zuba mililita 15 zuwa 20 a kowane kofi, ka rufe da ɗan faranti, ka bar su minti goma. Wiskin gangar jan giya ya fi kowane buƙatar wannan jira. Sabuwar kwalba da aka buɗe yanzu takan zo a ƙulle, wani lokaci sai bayan mako biyu take sakin jiki.

Mataki na huɗu: ido

Ba ya cin lokaci. Ɗaga kofin a gaban farar takarda. Na bourbon ruwan kara ne ko ruwan zuma mai haske. Na Sauternes ya fi shi zurfin zinariya. Na jan giya da na port suna da hoda-hoda ko jan ƙarfe, musamman a bakin ruwan in ka karkata kofin. Hoda mai ƙarfi a wiski mai ƙananan shekaru na gaya maka gangar a jiƙe take sosai lokacin da aka cika ta. Labari ne kawai, ba yabo ba ne ba kuma suka ba.

Mataki na biyar: hanci

A nan ne aikin yake, kuma a nan Bahaushe ya fi Bature kayan aiki. Su kalma ɗaya ko biyu gare su na abin da ba ya ƙamshi. Mu muna da ƙauri, da ƙarni, da zarni, da hamami, da bashi, da ɗoyi, kowanne da inda yake zama. Ka yi amfani da su. Takardun masana cike suke da sunayen 'ya'yan itacen Turai da wataƙila ba ka taɓa gani ba, kuma haddace su ba zai ƙara maka komai ba. Abin da hancinka ya sani shi za ka kira.

Fara da na bourbon. Kada ka cusa hanci ciki. Riƙe kofin a ƙasan haɓa ka ɗago shi a hankali, bakinka a ɗan buɗe, ka ja numfashi gajere sau biyu ko uku, ka janye. Jan farko barasa ce kawai, ka yi watsi da shi. A na biyu da na uku ne za ka fara jin banila, kwakwa, tuffa, hatsi. Wannan shi ne fuskar matatar. Ka riƙe ta.

Yanzu koma kan na biyu ka yi tambaya biyu: me ya ƙaru, me ya ɓace?

A na Sauternes abin da kan ƙaru zuma ne, da ɓawon lemu, da abarba, da wani ƙamshi kamar mangwaron da ya nuna lugub. Dalili kuwa giyar kanta daga inabin da wata irin fumfuna ta kama ake yin ta. Hazon safiya da ke tashi inda ƙoramar Ciron ta haɗu da kogin Garonne shi ke kawo fumfunar, ita kuma ta huda fatar inabin ruwa ya ƙafe sukari ya taru. Tokaji ta Hangari ma haka ake yin ta, sai dai ta fi tsami. Glenfiddich ta taɓa fitar da ɗan shekara 21 mai suna Winter Storm a 2017, wanda ya ƙarasa a gangar giyar Kanada da ake matsa daga inabin da ya daskare a jikin reshe. Duk dangi ɗaya ne: zaƙi mai kauri wanda in ya yi yawa yake gundura.

A na Amarone labarin daban ne. A tsaunukan Valpolicella kusa da Verona a Italiya ana shanya inabin wata uku zuwa huɗu kafin a matse, sai giyar ta fito baƙa, mai ƙarfi, mai ɗan ɗaci. A wiski za ka ji zoɓon da aka dafa da kauri ba sukari, da ɗinya, da cakulan mai ɗaci, wani lokaci da ƙamshin jemammiyar fata. Na Burgundy ya fi laushi, jajayen 'ya'yan itace da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Barolo bauri ne gaba da baya. Madeira, wadda da gangan ake dumama ta, tana kawo gardi da ƙonannen sukari da tsamiya, kuma a ganina ita ta fi duk sauran zama lafiya da wiski, don ta riga ta sha iska da zafi kafin su haɗu.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko muhimmanci. In ka shinshina na Amarone ka koma na bourbon ka dawo, kuma har yanzu kana jin tuffar nan da hatsin nan a ƙarƙashin zoɓon, to ganga ta yi ado. In kuwa ba ka ga alamar cewa uwa ɗaya ta haife su ba, to ko dai gangar ta fi ƙarfin wiskin, ko kuwa an sa ta ne don rufin asiri. Ba ɓoyayyen abu ba ne a sana'ar cewa wiskin da ya shekara a gajiyayyiyar ganga bai samu komai ba, akan juye shi a jiƙaƙƙiyar gangar giya don a samu abin sayarwa.

In hanci ya gaji, shinshina bayan hannunka ko hannun rigarka, zai dawo.

Mataki na shida: baki

Kurɓin farko ƙarami, don harshe ya saba da zafin. Na biyu ka riƙe shi daƙiƙa goma, ka juya shi ya taɓa gefen harshe da dasashi da ganɗa. Kafin ka nemi sunan ɗanɗano, ka lura da jikinsa: tsararo ne ko mai kauri, yana da maiƙo ko a bushe yake.

Sai ka nemi bauri. Wanda ya taɓa tauna goro ya san shi, yadda dasashi ke ɗaurewa miyau ya ɗauke. Kaɗan daga cikinsa alheri ne, shi ke hana zaƙi ya zama alewa. In ya yi yawa har harshe na mannewa a ganɗa, katako da fatar inabi sun yi rinjaye. Ka raba shi da ɗaci, wanda ake ji a can bayan harshe, da kuma tsami, wanda ke tsinka miyau a gefe. Wiskin gangar bourbon kusan ba shi da tsami, don haka duk wanda ka ji a na biyun daga giyar ya zo.

Abin da nake nema shi ne ko su biyun sun zama abu ɗaya. A finish na gaggawa za ka ji su hawa-hawa: giya ta fara zuwa, ta wuce, sannan wiski ya biyo baya shi kaɗai da zafinsa, kamar miya da tuwon da ba a tukunya ɗaya suka san juna ba. A wanda aka yi da haƙuri ba za ka iya nuna inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba.

Mataki na bakwai: ruwa

Ɗigo uku ko huɗu da ƙaramin cokali, ka juya, ka jira minti ɗaya, ka sake shinshinawa. Wasu masana kimiyya biyu a jami'ar Linnaeus ta Suwidin sun nuna a 2017 cewa sirki na tura wasu sinadaran ƙamshi zuwa saman ruwan, inda hanci ke samunsu. Masu haɗa wiski kan sirka har zuwa kashi 20 in shinshinawa kawai za su yi. Lissafin ba wuya: mililita 20 na mai kashi 50, in ka zuba ƙaramin cokali ɗaya, wato mililita 5, ya sauko kusan kashi 40.

Amma ka bi a hankali. Na farar giya mai zaƙi yakan buɗe da ruwa. Na jan giya sau da yawa rushewa yake yi, 'ya'yan itacen su gudu su bar bauri tsirara. Saboda haka nakan raba kofin biyu, in sirka rabi in bar rabi. In wiskin ya yi hazo-hazo bayan ruwa, maiƙon da ba a tace ba ne, ba lalacewa ba.

Laifuffukan da za ka iya cin karo da su

Mun dawo kan farar wuta. Alamarta ƙaurin ashanar da aka ƙyasta yanzu, ko ƙonanniyar taya, ko in abin ya ɓaci, ruɓaɓɓen ƙwai. Na taɓa sayen kwalbar ganga guda ta jan giya a wani shago da tsada, na kira abokai biyu. Ni da ɗaya muna buɗewa muka kalli juna, kamar an ƙona roba a ɗakin. Na ukunmu ya ce shi ba ya jin komai sai zabibi, ya sha abinsa da daɗi. Ba ƙarya yake ba, mutane sun bambanta ƙwarai wajen jin farar wuta. Na bar kwalbar wata biyu ko za ta huce, ba ta huce ba. Tun daga ranar ba na sayen irin wannan sai an ɗiga mini na shinshina, ko in sayi ƙaramar kwalbar gwaji mai mililita 30 ko 50.

Ɗan ƙaurin ashana da ke tashi bayan minti goma ba abin damuwa ba ne, wasu ma suna so. Wanda ruwa ke ƙara fito da shi kuwa ya zauna ke nan. Sauran laifuffukan su ne tsamin ruwan kal ko warin man goge farce, alamar gangar ta yi tsami a hanya, da bashin jiƙaƙƙen kwali, wanda kan fito daga toshiyar kwalba ko gangar da ta yi fumfuna.

Bayan haɗiya, da abin da za ka rubuta

Ka haɗiye ko ka tofar, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Ƙirga tsawon lokacin da ɗanɗanon ya zauna, ka kuma lura da abin da ya rage a ƙarshe. In zuma ce ko yajin kirfa, madalla. In maƙaƙi ne da bushewar baki, ka rubuta hakan. Tofarwa ba abin kunya ba ne, ƙwararru haka suke yi, ka ajiye kofin roba kusa. Kofi huɗu na mililita 15 a kashi 46 sun kusa awo 3 a ma'aunin barasa na Birtaniya, inda shawarar likitoci ita ce kada a wuce awo 14 a mako. Ka sha ruwa tsakanin kofuna, kuma ranar ba tuƙi.

Rubutun ba sai ya yi tsawo ba. Sunan kwalba, ƙarfinta, irin ganga, kalma uku na hanci, uku na baki, abin da ruwa ya yi, sai hukunci ɗaya: kwalliya ta biya kuɗin sabulu ko ba ta biya ba, wato za ka ƙara kuɗi ka sayi wannan ka bar ɗan'uwansa na bourbon? In kana da aboki, ya zuba maka a ɓoye ya sa lamba a gindin kofuna. Launi zai iya tona asiri, don haka a rage haske. Za ka yi mamakin yawan lokutan da mai arahar zai zo na ɗaya.

Kada ka wanke kofunan a daren. Rufe su ka bar su, da safe ka shinshina. Barasa ta tashi, abin da ya rage na katako ne da giyar da ta riga wiski zama a ciki. Na bourbon zai ba ka banila da busasshen itace, na Sauternes kakin zuma, na Amarone kuwa ƙasan tukunyar zoɓo. Ɗan yayata ya gwada da ragowar kofin da wani baƙo ya bari, ya turo mini saƙo da sassafe: "Kawu, wallahi zoɓo ne, har da ƙanumfarin."